Kakar Wasan da Ban Kira Sunansa Ba

Ɗana na fari ya buga wa jami'arsu ƙwallon Amurka shekara huɗu, amma kakar wasansa ta ƙarshe kawai na je kallo, ita ma don ƙanwarsa ta tsare ni a kicin ta ce yayanta yana zaton kunyar abin da yake yi nake ji. Kunya kam ina ji, sai dai ba irin wadda yake nufi ba. A gidan da na tashi a Kano uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a bainar jama'a, ko kallonsa ba ta cika yi ba idan da baƙi. Shekara ashirin da biyu ina ce masa "kai" ko "yaron nan", kuma ban taɓa zaton yana lura ba.

Na roƙi abokan aikina a asibiti muka yi musayar ranaku. Duk Asabar ɗin da za su buga a filin jami'arsu sai mu tashi daga Upper Marlboro, garin da muke zaune a Amurka, da hantsi, ni da ƙanwar tasa da kular dafa-duka. Wasan kansa har yau ban gane kansa ba. Ƙarti sun kifa hular kwano, su tsuguna, su yi karo kamar raguna, a busa usur, kowa ya tashi ya karkaɗe jiki a sake. Ƙungiyar tasu kuma a shekarar ba ta da sa'a ko ta sisin kwabo. Duk wanda ya zo sai ya lallasa su ya hau bas ya tafi.

An ware wa iyaye benci guda, nan aka dasa ni kusa da wata Ba'amurkiya, baƙar fata, ƙatuwa mai fara'a, wadda ta buga hoton ɗanta a gaban rigarta, ga ƙararrawa a hannu. Ran farko ta tambaye ni wanne ne nawa, mene ne sunansa. Na nuna mata mai lamba arba'in da huɗu, sai ƙanwarsa ce ta faɗi sunan. Matar ta dube ni kamar wadda ta manta sunan ɗan da ta haifa. Daga ranar ta ɗauke mini aikin, duk sanda yaron ya kayar da wani, ita ce mai miƙewa ta kwarara sunansa har da ja.

Haushinta nake ji, ba zan ɓoye ba. Awa uku nake yi a kan wannan bencin ƙarfe, sanyi yana ratsa zane, sunan ya taso mini har maƙogwaro ya tsaya. Tashi ba dama, don yana waigowa ya ga ko ina nan. Zaman kuma ba abin da yake ƙara masa sai ganin uwarsa ta naɗe hannu cikin mayafi, iyayen wasu suna tsalle. Na gwada a mota ni kaɗai a hanyar aiki, gilashi a rufe, amma harshena ya yi nauyi, sai na ji kamar mahaifiyata tana kujerar baya tana kallona. Da na kai wa babansa kuka, dariya ya yi ya ce yaro ya san ana sonsa, ba sai an yi shela ba. Shi yaron ma na taɓa soma yi masa bayani, ya katse ni da Turanci cikin ladabi, ya ce ya sani, al'ada ce, ba komai.

Wasansu na ƙarshe a gida ya faɗo cikin Nuwamba. Ana dab da tashi yaron ya yi karo da wani, kowa ya miƙe ban da shi. 'Yan wasa suka durƙusa a gwiwa ɗaya, fili ya yi tsit, har ƙarar tutoci ana ji. Na ga kaina a tsaye na riƙe ƙarfen gabana. Maƙwabciyata ta kira sunansa, wani ya karɓa, can sai duk bencin iyaye ya ɗauka. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito "Innalillahi" ne, shi ma a hankali. Aka ɗaga shi yana ɗingishi, ya cire hular ya dubi wajenmu.

Likitan ƙungiyar ya ce gwiwa ce, sai an yi hoto. Muka kwantar da shi a kujerar baya da ƙanƙara a ƙafa, ƙanwarsa tana tuƙi. Mun yi nisa, sannan ya yi Hausa, shi da bai cika yin ta ba.

"Mama, na ji kowa yana kirana. Ke nake saurare."

Na dubi titi. Na ce masa ya gyara ƙafar kada ƙanƙarar ta zame, ya ce to, ya gyara.