Kujerar Nachhattar

Duk ɗan unguwarmu a Nakodar da ya tafi Kanada, Nachhattar Singh ne ya kai shi filin jirgin Delhi. Ni maƙwabcinsa ne, faci nake yi a bakin layi, don haka a kan idona ya tsufa a bayan sitiyarin farar motar nan tasa. Ya loda akwatuna a sama, ya loda uwa da goggonni a ciki, ya tsaya da su a hanya su ci gurasar paratha da man shanu, sannan ya dawo da su suna kuka. Har tawul yake ajiyewa saboda hawayen iyaye mata.

Ɗa ɗaya gare shi, Jaskaran. Tun yaron yana ƙarami yake ce mini, "Na kai 'ya'yan kowa. Ranar da nawa zai tafi, ba mai taɓa sitiyarin nan sai ni. A gefena zai zauna, in amayar masa da abin da ke cikina daga nan har Delhi." Irin mutanen nan ne da bakinsu ba ya buɗewa sai suna tuƙi. A gida kuwa, tsakaninsa da ɗansa daga "Ka ci abinci?" sai "Na ci."

Jaskaran ba mugun yaro ba ne, son a gani ne ya yi masa yawa. Da bizarsa ta fito, abokai suka zuga shi wai sai an yi zagayen bankwana a gari. Ya kai motar uban wurin mai walda, aka yanke tukunyar salansa mai tace hayaƙi, aka jona zallar bututu. Motar da ba a jin tafiyarta ta koma ruri kamar injin niƙa. Na je na kai ƙara, Nachhattar ya yi murmushi ya ce, "Ƙyale shi, kwana nawa ya rage masa?" Murmushin nan har yau yana ƙona mini rai. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan titi, a ce ya manta takardar gwajin hayaƙinsa ta kusa ƙarewa!

Lokacin sanyi ne, manoma na ta ƙona karan shinkafa, hayaƙi ya cika ko'ina, kuma a irin wannan lokaci 'yan sandan hanyar Delhi ba sa wasa da takardar nan. Ana gobe tafiya na raka Nachhattar gidan man da ake gwaji. Mai gwajin ya zura waya a salansa ya ce a taka. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu.

"Baba, wannan mota ce ko murhu?" in ji shi, yana tari.

"Haba ɗana, shekara nawa kana ba ni takardar nan? Duba mini mana."

"Dā ni nake bayarwa. Yanzu na'ura ce, ita kuwa ba ta san baban kowa ba. Ku mayar da tukunyar ku dawo."

Tukunya kuwa tuni mai walda ya sayar wa 'yan gwangwan. Sabuwa sai an aiko daga Ludhiana, kuma ba za ta iso kafin jirgi ya tashi ba. Dole aka ɗauko hayar Resham, wani direba da suka daɗe suna 'yar tsama da Nachhattar a tasha.

Da safe Nachhattar ya fito da sabon rawani. Matarsa Gurdev Kaur ta daɗe da raba kujeru: Jaskaran a gaba, ita da kaka da goggonni da kawu a baya, kowa ya san wurinsa. Ba wanda ya sa Nachhattar a rabon, tunda kujerar direba tasa ce tun fil'azal. Sai da kowa ya zauna aka lura motar Resham da direbanta ta zo.

"Resham, ba ni makulli in tuƙa, ka huta yau," in ji Nachhattar, murya ƙasa-ƙasa.

"Motata? Haba yaya, in ba ku aro ku yanke mini salansa?"

Aka yi dariya. Goggonnin suka kau da kai suna gyara mayafi, ba wadda ta motsa. Nachhattar ya dubi ɗansa. Jaskaran ya sauko, ya taɓa gwiwoyin uban a gurguje kamar yadda ake gaida manya a wurinmu, ya ce, "Bapu, ai kai ka gaji da ganin filin jirgin nan. In na sauka zan kira."

Na so in mari yaron nan. Uban ya juya wajen kaya. Ya duba igiyar akwatuna ya ƙara mata ƙulli, ya miƙa wa matarsa tawul ta taga, ya matsa ya ba mota hanya.

Daga baya tukunya ta iso, aka sa, mota ta ci gwaji. Har gobe Nachhattar yana kai 'ya'yan mutane Delhi, sai dai matasan da ke zama a gefensa sun ce shiru yake yi har a isa. Jaskaran yana kira, ba laifi, uwar yake kira. In ta miƙa wa uban waya, ina jiyo shi ta kan katanga.

"Ka ci abinci?"

Sai ya saurari amsar, ya mayar mata da wayar.