Ruwan Tsarin da Na Rage

Jiya na ga awakina suna tsintar ƴaƴan gawo a bakin rijiyar unguwarmu, sai wani tsohon unguwarmu, marigayi, ya faɗo mini a rai. Shi ya sa ƙungiyar taimakon unguwa ta dasa gawo, alhali kowa dalbejiya yake so, mai saurin inuwa. Kullum da hantsi yana bin gidaje da bokiti mai warin tsami, yana roƙon ruwan tsarin gero don ba dashen ruwa.

Na ce, "Baba, awakina fa? Iccen nan ba za ka zauna inuwarsa ba."

Ya yi murmushi. "Ɗiyata, ƙungiya don jikoki ta tsara, ba don ni ba. Zuba."

Rabi na zuba, ina gunaguni. Da ma duka na ba shi. Allah ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya mana bakin rijiya.