Layar Jar Fata

Ana daf da Babbar Sallah kwamfutar shagon Babanmu ta mutu. Yayana yana cikin aikin wuyan wata farar shadda sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi, injin surfanin da take sarrafawa ya tsaya cak da allura a cikin yadi. Ya kashe ya kunna, ya hura mata iska, har duka ya kai mata kamar tsohuwar rediyo. Ko motsi.

Shagon yana wani lungu bayan silimar Roxy, a unguwar Adjamé, kuma a lokacin ba a yi shekara da rasuwar Baba ba. Baffanmu ya so a sayar da injin a raba gado kowa ya huta. Inna ce ta roƙe shi, ya ce to, ya ji: in Yaya ya fitar da aikin Sallah ba tare da an kawo ƙara ba, a bar masa shagon. In ya kasa, injin ya tafi. Ga shaddodin mutane kuwa jibge har rufi.

Da Yaya ya kira ni ban ko damu ba. Ina aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, saboda haka a gidanmu ni ce gwanar kwamfuta, ko da kuwa abin da na iya bai wuce buga takarda ba. Tun da daɗewa na kwashe duk zanen Baba na zuba a wani faifai na adana. Na ce masa, "Yaya, kwantar da hankalinka, komai yana hannuna." Har da ɗan taƙamata.

Muka ɗauki kwamfutar a woro-woro, wato tasin haya, zuwa wurin wani mai gyara a Treichville. Ya buɗe cikinta, ya ce ta gama yawo, sai dai a sa sabon ciki. Na miƙa masa faifaina ina murmushi. Ya duba, ya ɗago kai.

"Tanti, zane ne kawai a nan. Ina lojisiyel ɗin? Ina lambar lisans?"

Ya yi mana bayani a hankali: zanen ba ya buɗuwa sai da lojisiyel, wato manhajar da aka yi shi da ita, ita kuma ba ta tashi sai an sa mata lambar lasisinta. Wanda ya sayar wa Baba da manhajar ya daɗe da rufe shago ya bar ƙasar. Sabuwa sai an yi oda daga waje, ba za ta iso kafin Sallah ba, kuma ta fi ƙarfinmu. Na tsaya riƙe da faifan kamar wadda ta zo da tuwo ta manta miya.

Muka birkice gida da shago. Akwatin Baba, ƙarƙashin katifa, aljihun tsofaffin riguna, babu inda hannunmu bai shiga ba. Ni dai haushi ya cika ni. Mutum mai tsari irin Baba, wanda ko zare ba ya yarwa, a ce bai ajiye abu mai muhimmanci haka ba?

Muna cikin haka aminin Baba ya leƙo, wani dattijo baduku da ke ɗinkin fata a unguwar Liberté. Ya ji abin da muke nema, sai ya yi dariya.

"Ai ya ajiye, 'ya'yana. Ni na ɗinke masa da hannuna. Wani ɗan kile ne da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da manhajar, da ƙaramin kati mai lambobi. Ya ce danshin garin nan yana cin takarda, in rufe masa su a fata yadda ruwa ba zai shiga ba. Jar fata ce. A cikin layunsa yake rataye ta, don ya san ɓarawo ba ya taɓa laya."

Na yi hamdala da ƙarfi, na juya wajen Inna na ce ina layun Baba. Sai ta zuba wa Yaya ido, shi kuma ya zame ya zauna a ƙasa.

Sai a ranar na ji labarin. Yaya da Baba sun daɗe suna saɓani a kan laya, shi yana ganin ba ta halatta ba. Bayan an share makoki Inna ta tattara layun ta ba shi, ta ce ya kai wa malamin unguwa ya san yadda za a yi da su, don ita ba za ta buɗe layar mamaci ba. Yaya bai kai ba. Ya ce ko buɗewa ba zai yi ba, balle ya ajiye. Ya zuba su a leda, ya ɗaura dutse, ya je tsakiyar gadar da ke ƙetarawa Treichville ya saki a ruwa.

"Har da ja?" in ji dattijon.

Yaya ya ce masa, "Har da ita, Baba. Na ji ta fi sauran tauri. Na ji."

Inna tana ta salati a hankali. Ina da bakin faɗa, kowa ya sani, na so in zagi Yaya, amma na dubi fuskarsa na ga babu abin da zan ƙara masa.

Masu shadda suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu, wasu da haƙuri, wasu da baƙar magana. Baffa ya jira sai da aka gama cin naman Sallah, sannan ya turo mota aka ɗauke injin. Wani mai babban shagon ɗinki a Treichville ne ya sayi injin, yana da tasa manhajar da takardunta. Abin da ya rasa shi ne wanda ya san hannun injin, sai ya tambaya ko Yaya zai zo ya yi masa aiki.

Yaya ya karɓa, yana da iyali. Kullum da safe yana shiga mota daga Adjamé ya bi ta kan gadar nan, ya je ya kunna injin ubansa a shagon wani.