Habibou a Gidan Ketilbel

Habibou mutumin Tessaoua ne. A ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne da makaɗa suka san sunansa a fagen Maraɗi. Da ya zo New York sai ya kafa tebur a Harlem yana sayar da turare da huluna. Tumbi ya fito, kokawa ta koma labarin da yake ba 'ya'yansa, su kuma su amsa masa da Turanci.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Moro, ɗan Zongon Kumasi mai horar da 'yan dambe da masu faɗa cikin keji, ya roƙe shi ya zo ya koya wa yaransa kamun ƙugu. Habibou ya tafi yana zaton zai tarar da yashi. Sai ya tarar da samari da 'yan mata a jere, kowa riƙe da dunƙulen ƙarfe mai mariƙi, yana lilo da shi ta tsakanin ƙafafunsa. Ba mai taɓa wani. Ya tambayi sunan abin, Moro ya ce ketilbel, wai ma'anarsa buta da ƙararrawa. Habibou ya juya shi bai ga bakin zuba ruwa ba, ya girgiza bai ji ƙara ba.

Don kada a raina shi, ya zaɓi mafi girma ya fizgo da ƙarfin damtse. Shamsiya, 'yar wan Moro, wadda ke shirin karawa cikin keji a ƙarshen wata, ta matso.

"Baba, ba da hannu ake ɗagawa ba. Da ƙugu ne."

Habibou ya dubi hannunsa, ga ƙarfen a ciki. Ya rasa ta inda ƙugu zai shigo. Ya sake fizga, bayansa ya amsa. A gida matarsa Ramatou tana shafa masa man zafi tana tambayar wanda ya kayar da shi. Ya ce ba kowa, ta ce ai ciwo ba ya zuwa haka kawai.

Da ya warke ya koma. Ya koya wa Shamsiya shigar ƙafa da ɗaukar ƙugu, ya ga in ta kafe ba ta tumɓukuwa, kamar turmi a ƙasa. Ko ƙarfen ne ya yi mata haka ko halittarta ce, bai sani ba.

Ranar karawar a Brooklyn, ana farawa Shamsiya ta sunkuci abokiyar karawarta ta maka ta da ƙasa. Habibou ya miƙe yana kirari, ya nufi kejin don ya ɗaga Shamsiya sama, domin a fagen da ya sani wanda ya faɗi ya faɗi. Moro ya riƙo rigarsa. Faɗan bai ƙare ba, a ƙasan suka ci gaba. A ƙarshe alƙali ya ɗaga hannun wadda aka kayar.

A jirgin ƙasa Moro ya yi ta bayanin maki da zagaye, Habibou yana gyaɗa kai ba tare da ya kama komai ba. Shamsiya, ido a kumbure, tana cin ayaba. Ta ce ranar Litinin za ta ƙara nauyin ketilbel ɗinta, ta tambaye shi ko zai zo.

"To, zan zo," in ji Habibou. "Amma wai wa ya ci?"