Ranar da A'i ta kalli ɗan farinta

Duk wanda ya ci tuwo a Dumega ya ci daddawar A'i, ko ya sani ko bai sani ba. Mace ce 'yar firit mai faɗan tsiya. Taɓa mata ƙwarya ba izini ka ji yadda ake wanke mutum tas. Amma wannan bakin da ba ya raga wa kowa, akwai sunan da bai taɓa furtawa ba: Ɗantala, ɗanta na fari.

Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma A'i ta riƙe ta kamar farilla. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa ba ta ƙara kallonsa ido da ido ba. In ya shigo gaisuwa sai ta juya wa bango fuska ta ce, “A ba wancan ruwa.” Yaron ya girma ya zama ƙato, ɗan kokowa da ake kiɗa wa ganga daga Tibiri har Dogon Kiriya, uwarsa kuwa ba ta taɓa leƙa fili ba. Kada ka ce ba ta sonsa. Wallahi son ne ke cinta a ciki kamar gara.

Sai ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Na hagu ya tafi, na dama yana bin sawu. A shekarar ne aka ɗauki Ɗantala cikin 'yan kokowar jihar Doso zuwa gasar ƙasa, shi kuwa ya riga ya ce daga wannan ya aje kokowa. Autarta Basira, wadda mijinta ke da tele, wato talabijin, mai aiki da hasken rana, ta zo ta same ta tana tankaɗe.

“Inna, gobe gidan telen ƙasa za shi nuna Yaya. Ki taho ki gani tun idon na gani.”

“Ke, rufe mini baki! In zauna in zura mishi ido shina kallona? Ban haukace ba.”

Ashe duk shekarun nan abin da ya hana ta zama gaban tele ke nan. A ganinta, wanda ka gani ya gan ka. Basira ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta bi ta a hankali. Ta ce akwai masu ɗaukar hoto a bakin fili, su tura Yamai, daga can a watsa wa ƙasa duka lokaci guda. Mutumin Difa da na Agadas da na Tilaberi duk abu ɗaya suke gani, har labarai ana karanta wa kowa da harshensa. Gidan telen na kowa ne, ba na mai kuɗi kaɗai ba.

“Shi fa? Shi wa yaka gani?”

“Ba shi ganin kowa, Inna. Ƙasa da abokin karonshi kawai.”

A'i ta aje rariya.

Washegari da la'asar tsakar gidan Basira ya cika maƙil. Sai ga A'i da zanen Sallarta, ta ratsa mutane ba sannu, ta zauna dab da akwatin har hancinta na neman taɓa gilashi. Ganga ta tashi. Mai sharhi ya kwarara sunan da ƙarfi, Ɗantala na Dumega, sunan da ta haɗiye tun tana yarinya, yau ga shi ana jinsa har bakin tafkin Cadi.

Sannan hoton ya matso, fuskarsa ta cika gilashin. Ikon Allah! Ga tabon da ya samu a goshi yana rarrafe, ranar da ta ji kukansa ta hana kanta ɗaukarsa. Ga kunnuwan marigayi ubansa sak. Ga furfura 'yar kaɗan a gemu, wadda ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta kalla, ta ƙara kallo, ba mai ganinta balle ta ji kunya.

Kokowar ba ta yi tsawo ba. Wani matashi ya sure ƙafarsa ya kai shi ƙasa. Gidan ya ɗauki salati, wasu matan har da kuka, Basira ta dafe kai. A'i ko gezau. Yatsunta na kan gilashin, daidai inda ɗanta ke kakkaɓe ƙasa daga kafaɗa yana murmushi.

“Inna, an kada shi fa,” in ji Basira.

“Na gani,” ta ce, hawaye na bin kumatunta. “Ashe haka yaron nan yake da kyau.”

Kafin damina idon dama ya rufe. Da Ɗantala ya zo gaishe ta, ta juya wa bango fuska kamar kullum, ta ce a ba wancan ruwa. Sai ta ƙara da cewa, “A gaya mishi furfurar ta yi mishi kyau.”