Ya Ce In Dakata, Ban Dakata Ba

Shekarun baya da nisa, ba a daɗe da fita daga babban farin nan da ya cinye shanun mutane ba, aka tura ni aiki wani ƙaramin gidan likita a ƙasar Magariya. Ni anfirme ne, wato ma'aikacin jinya, amma an ƙara mini wasu watanni a Yamai na koyi aikin motsa gaɓɓai, abin da muke kira kine. Wanda ya karye ya warke amma ƙafa ta ƙage, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yaran da shan-inna ta taɓa, duk wurina ake turo su. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Farar rigata kullum a goge, ga bik biyu a aljihun gaba, ɗayan ma ba ya rubutu.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Bande. Manomi ne mai ƴan shanun da fari ya rage masa, kuma shi ke jan mutanen ƙauyensu salla. Wani sa ne ya ture shi a bakin rijiya, cinya ta karye dab da gwiwa. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama lafiya lau, amma watannin da ya yi kwance da karare a ɗaure sun sa gwiwar ta sandare kamar itace. Ranar farko na tambaye shi abin da ya fi so ƙafar ta yi masa. Na ɗauka zai ce noma.

"Likita, ba gudu nake so in yi ba," in ji shi. "So nake in durƙusa in yi sujada, in zauna tahiya kamar kowa. Liman da ƙafa a miƙe, ai ka ga abin bai yi tsari ba."

Sau biyu a mako ƙanensa ke kawo shi a amalanke. Da yake wandonsa ba ya naɗuwa sama, sai ya tuɓe shi ya ɗaura zane, ni kuma in rufe ƙofa. In gasa gwiwar da tsumma da ruwan ɗumi, in yi tausa, sannan in riƙa lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Aikin da zafi, kowa ya sani. Manyan ƙarti na ihu a kan teburin nan. Shi kuwa ban taɓa jin ko nishinsa ba, sai dai in ga ya damƙe gefen tebur, gumi na tsattsafo masa a goshi. Cikin wata biyu gwiwar ta kai rabin hanya. Duk wanda ya tsaya hira da ni sai ya ji labarin wannan gwiwa, kamar ni na halicce ta.

Ana nan sai majo ɗinmu, wato babban anfirme, ya ce wani babban likita zai zo daga Damagaram da ɗalibai, su ga yadda muke aiki. Nan take na san abin da zan nuna musu. Na ce wa dattijon ya zo ran Talata maimakon Laraba. Ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Ran Talatar ƙanensa ba shi da lafiya, sai mijin ƴarsa ya kawo shi. Na san surukinsa ne, don na ga yadda ya sauke shi daga amalanke kansa a ƙasa, ya koma can gindin bishiya ya tsuguna. Dattijo ya ɗaura zanensa ya kwanta kamar kullum. Sai ƙofa ta buɗe: babban likita, majo, da ɗalibai biyar, biyu daga cikinsu ƴan mata. Na ga ya ɗago kai ya dube su, ya dube ni. Ban yi masa bayani ba. Ina buƙatar wanda zai danne ƙugu kada ya ɗaga, sai na leƙa waje na kira surukin. Ya tsaya bakin ƙofa yana noƙewa.

"Shigo mana, ba mu da lokaci," na ce masa.

Ya shigo, ya ɗora hannu a ƙugun uban matarsa, ya juya fuska bango. Na ja zanen sama har ƙarshen cinya don ɗalibai su ga inda ƙashi ya haɗu, ina ta zuba bayani da Faransanci, mai ƙafar bai ji ko kalma ɗaya ba. Na kama lanƙwasawa. Muka kai inda muka saba tsayawa. Ni kuwa ina so a ga fiye da haka.

"Dakata, yaro," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Bai taɓa kirana yaro ba sai ranar. Kuma na ji shi sarai, kada wani ya ce hayaniya ce ta hana.

"Saura kaɗan, Baba," na ce, na ƙara dannawa.

Sai ya yi ƙara. Ƙara ɗaya ce, gajeriya, irin wadda ke kuɓuce wa mutum ba da sonsa ba. Ɗaya daga cikin ƴan matan ta sunkuyar da kai. Babban likita ya ce an samu ci gaba mai kyau, sai dai in riƙa bi a hankali, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, suka wuce ɗakin magani. Ni dai kalmar "ci gaba" kaɗai na riƙe. Dattijo ya sa wandonsa, ya ɗauki sandarsa, ya ce an gode ba tare da ya dube ni ba.

Bai dawo ba. Mako ɗaya, biyu, uku. Na rubuta a takardarsa cewa ya daina zuwa, na ce wa majo ai haka mutanen ƙauye suke, da sun ji sauƙi sai su ɓace.

Wata Lahadi na je Dungas gaida mahaifiyata. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na zauna ina taya ta, ina ƙorafin yadda mutum zai wahala a kan majinyaci ya watsa masa ƙasa a ido. Sunansa kaɗai na ɓoye, sauran duk na kwashe na gaya mata. Tana ji tana ɓara, har na zo wurin wanda ya danne ƙugun.

"Wa ka ce ya riƙe shi?"

"Mijin ƴarsa, Inna. Shi kaɗai ne a kusa."

Ta ajiye gyaɗar hannunta. "Ka yaye wa dattijo zane gaban surukinsa da ƴan mata, ka sa shi ihu, sannan kana zaune kana jira ya dawo?"

Na fara yi mata bayanin cewa a likita babu kunya, aiki ne, haka aka koya mana.

"A wurinka ne babu," in ji ta. "Shi da tasa ya shigo ɗakin. Da mahaifinka ne a kan teburin, ka kira wa ya riƙe shi?"

Ta koma kan gyaɗarta. Amma ku ji girman kai irin na ƙuruciya: sai da na ƙara mako uku ina juya maganar kafin in ari mobilet, wato ɗan babur ɗin abokina, in nufi ƙauyen. Rabin hanyar ma ba hawa na yi ba, turawa na yi cikin rairayi, na isa wujiga-wujiga.

Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya, ƙafar a miƙe. Kallo ɗaya na yi mata na san ta koma baya. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi aiki da mutanen gari. Sai da na rasa abin faɗa sannan na ce, "Baba, na zo ne ka yafe mini. Na yi maka ba daidai ba."

Ya ci gaba da tufkarsa har na ɗauka bai ji ba.

"Kana tsammanin zafin ne?" in ji shi. "Ranar da maɗori ya ja ƙafar nan, na ga mutuwa da idona. Amma kafin ya taɓa ni sai da ya kori kowa daga ɗaki, ya bar ƙanena kaɗai. Ya ce mini, Malam, zai yi zafi, in ka shirya ka gaya mini. Mutumin da bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba. Kai kuwa na ce ka dakata. Ka ji ni?"

"Na ji."

"To."

Sannan ya ce tun daga ranar surukinsa bai ƙara tako gidan ba. Ba faɗa suka yi ba. Kunya ce ta hana yaron, in ya hango shi a hanya sai ya ratse ta cikin gonaki. Ƴarsa na ta tambayar abin da ya faru, babu mai iya gaya mata.

Na roƙe shi ya dawo mu ci gaba. Ya ce ɗakin nan dai ya gama shigarsa. Na ce to ni in riƙa zuwa duk Lahadi, in kuma koya wa ƙanensa abin da zai riƙa yi masa sauran kwanaki. Ya ce wannan ya rage nawa.

Haka muka yi har damina ta sauka hanya ta ƙi biyuwa. A ɗakinsa, da asabari a sake, daga ni sai shi sai ƙanen. Kafin in ɗora hannu sai in faɗi abin da zan yi, in jira ya ɗaga kai. In ya ɗaga yatsa, in saki. Abin mamaki, da ya san zan saki, sai ya riƙa barina in kai inda da ba na kaiwa. Gwiwar ta dawo da abin da ta rasa, ta ɗan ƙara. Ya samu yana sujada in ya dafa ƙasa. Zaman tahiya kuwa bai samu ba har abada. Da kaka ya miƙa wa ƙanensa limanci, ya koma ƙarshen sahu inda zai miƙe ƙafa ba tare da ya takura kowa ba. Surukin ma daga baya ya dawo gaisuwa, amma ba ni na gyara wannan ba, lokaci ne.

Na sha tambayar kaina ko makonni shidan nan da suka tafi a banza su ne suka hana shi zaman da ya zo nema. Mai yiwuwa ko da ba su, gwiwar iyakarta ke nan. Ban sani ba, kuma ba ni da hanyar sani. Abin da na sani shi ne, a takarda na rubuta shi ya daina zuwa, alhali ni na kore shi.

Aikinmu ba kamar na mai allura ba ne da zai soka ya wuce. Mu hannunmu na daɗewa a jikin mutum, muna sa shi zafi da sunan magani, shi kuma ya yarda don ya amince za mu tsaya in ya ce a tsaya. Ranar da ka karya wannan, ko ka iya aiki kamar me, ba ka da abin da za ka yi aiki da shi. Na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibai haka, kuma duk sanda na faɗa sai in ji kamar da kaina nake.

Lahadin ƙarshe da na je, ya rako ni har bakin danga yana dogara sandarsa. Na tambaye shi ko ya yafe mini, don bai taɓa furtawa ba.

"Na yafe tuni, likita," in ji shi. "Amma ban manta ba. Kai ma kada ka manta, don akwai masu zuwa bayana."

Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa yanzu na wuce shekarun da yake da su a lokacin, kuma ban manta ba.