Kabarin da Ke Kallon Gabas

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga watan Safar 1446, Allah ya yi wa maƙwabcina na unguwar Rusaifa a Makka, Baba Majid Kabo, rasuwa yana da shekara saba'in da ɗaya.

Baba, mutane sun san ka da tuƙin motar alhazai tsakanin Arafa da Muzdalifa. Ni kuwa, baƙon malami daga Sakkwato, na san ka da wani tsibiri. Da farko na ɗauka rigimar tsufa ce: direban da ko iyo bai iya ba ya riƙa bin masunta daga garin Lith zuwa wani tsibirin murjani, babu bishiya, babu ruwan sha, babu kowa sai tsuntsaye.

Daga baya ka faɗa mini dalili. Kakarka Ɗaso ta taso daga Kano a ƙafa da niyyar Hajji, ta shiga jirgin ruwa a Sawakin, ajali ya same ta a teku. Abokan tafiya suka binne ta a wani tsibiri suka wuce. Mahaifinka yana goye a lokacin. Shekara goma sha ɗaya kana neman kabarin.

Neman ne ya mai da kai masanin tsuntsaye. A lokacin zafi ƙwan tsuntsaye kan rufe ƙasar tsibirin, kai kuma ka rantse ba za ka taka ko ɗaya ba, don haka dole ka koyi lokutansu. Ka ba ni labarin tsuntsun teku mai farin zobe a ido, da shaho mai launin toka da ba ya ƙyanƙyasa sai ƙananan tsuntsaye sun fara ƙetarawa zuwa Afirka, don 'ya'yansa su sami abinci. Shayina kan huce ina saurare.

Kaburbura takwas ka tarar, an kewaye su da duwatsun murjani, ba suna. Bakwai suna kallon arewa, domin daga can Makka tana arewa, masunta kuma sun sani. Na takwas yana ƙarƙashin sheƙar wata gaggafa mai kamun kifi. Wata uku ka jira har 'ya'yanta suka tashi, sannan ka koma.

Ban manta yadda ka shigo mini da hoton kabarin ba. Ka ce, "Shuf, duba nan, ya Ustaz. Wannan gabas yake kallo. Wa zai yi haka in ba mutanenmu ba?"

Gaskiyarka. Mutanen da duk rayuwarsu alƙiblarsu gabas take, sun kwantar da ita yadda suka saba a gida, ba su san sun riga sun zo kudu da Makka ba. Na yi dariya, sai na ga kai hawaye kake. Ka tambaye ni ko a gyara mata kwanciya. Na ce a bar ta, sun yi iyakar saninsu, Allah kuma ya san inda ta nufa. Ka ce, "Khalas, shi ke nan, to a bar Sitti, kakata, ta huta."

Na yi kewarka, Baba, ƙwarai.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Ummulkhairi, da 'ya'yanka Sami da Dalal, da jama'ar unguwar Tandabawi inda aka haife ka. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. An sallace ka a Harami, a gaban Ɗakin da kakarka ta yi tattaki dominsa ba ta gani ba. Allah ya rubuta mata ladan Hajjinta, ya haɗa ku. Amin.